Me Ya Sa Ɗoki Ba Ya Daɗewa?

A daminar 2024, duk wanda ya leƙa majalisar samari a Kano ko Kaduna ko Zariya zai tarar hira ta mutu. Kowa ya sunkuyar da kai yana ƙwanƙwasa fuskar waya da yatsu biyu, wani ma da uku. Wasan Hamster Kombat ne na cikin manhajar Telegram, wanda aka ce zai zama kuɗi. Ɗan acaɓa na jiran fasinja yana dannawa, mai shayi na jiran ruwa ya tafasa yana dannawa, a cikin gida kuma uwargida ta ɗora tukunya tana dannawa. Ranar 26 ga Satumba aka fitar da kuɗin kasuwa, mutane da yawa suka ga wahalar watanni ba ta wuce 'yan daloli ba. Kafin sanyi ya shigo an daina ambaton sunan.

Za a iya cewa rashin biya ne ya kashe wannan. To amma manhajar hira ta 2go ba ta cuci kowa ba, haka wayar BlackBerry, kuma duk sun bi hanya ɗaya. Haka magidancin da ya gina ɗakin tattabaru da zumuɗi, bayan wata huɗu aka mayar da ɗakin ma'ajiyar gawayi. Haka wadda ta shiga koyon ɗinki, yanzu keken na lulluɓe da zani a bayan ƙofa. Jama'a kan yanke hukunci da sauri, a ce wane ba shi da alƙibla. Masu binciken ƙwaƙwalwa suna ganin abin ya fi haka zurfi.

A shekarun 1990, a Jami'ar Fribourg da ke Suwizalan, Wolfram Schultz ya riƙa bibiyar ƙwayoyin ƙwaƙwalwar birai masu fitar da sinadarin dofamin. Idan aka ɗiga wa biri lemo a baki ba zato, sai ƙwayoyin su zabura. Da aka saba kunna fitila kafin a ba shi lemon, sai zaburar ta koma kan fitilar, lemon kansa ya daina motsa su. Ranar da aka kunna fitila aka hana lemo kuwa, aikinsu yakan yi ƙasa da yadda ya saba. Wato abin da ƙwayoyin nan suke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. Sabon abu cike yake da ba-zata, shi ya sa yake hana barci. Da an san shi ciki da bai, tazarar ta rufe, ɗoki ya kwanta, alhali abin yana nan yadda yake. Wayar da aka kwana ana shafawa ranar da aka saye ta, ita ce dai ake jefarwa kan katifa bayan wata biyu.

Ko babban rabo bai tsira daga sabo ba. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa suka tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar jihar Illinois ta Amurka. Farin cikinsu bai zarce na sauran mutane da wani abin kirki ba, kuma ƙananan abubuwa irin su karin kumallo da hira da aboki sun rage yi musu daɗi. Daga baya Richard Lucas ya bi bayanan dubban Jamusawa na tsawon shekara 15, ya ga aure yana ɗaga walwalar mutum, amma ga akasarin mutane takan dawo inda take a cikin kimanin shekara biyu. Wannan ya kamata ya shiga kunnen ma'aurata, domin sau da yawa idan amarci ya lafa sai a fara zargin an shiga tsakani, a kama hanyar gidan boka, a kan abin da ke samun kusan kowane gida a duniya. Sai dai sabo ba ya cinye komai: binciken Lucas ya nuna wanda ya rasa aikin yi ba kasafai yake komawa daidai ba, ko bayan ya sami wani.

Shekaru ma suna da hannu. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka birki da hangen gobe, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son sabon abu da yabon abokai ya riga ya farka tun farkon balaga. Don haka saurayi bana yana askin 'yan ƙwallo, baɗi ya tsayar da gemu ya ɗage wando, shekara mai zuwa ya ce waƙa zai yi. Gwaji yake yi, yana neman wanda zai zama.

Sannan ga jama'a. Abin da mutum ya ɗauka zaɓin ransa ne, sau da yawa yayi ne ya kwaso shi. Jonah Berger da Gaël Le Mens sun duba sunayen da aka raɗa wa jarirai a Faransa da Amurka na tsawon shekara ɗari, suka gano sunan da ya yi tashe da sauri shi ne yake saurin ɓacewa, don iyaye na gudun abin da ya yi kama da na ɗan lokaci. Telolin Kano ba su buƙatar a faɗa musu wannan. Ɗinkin da ya cika gari a ƙaramar salla, da ƙyar yake kai babba.

Hawa da saukar zuciya kuwa har agogo gare su. Scott Golder da Michael Macy na Jami'ar Cornell sun tace saƙonnin Twitter miliyan 509 na mutum miliyan 2.4 daga ƙasashe 84, suka wallafa sakamakon a 2011. Kusan ko'ina mutane kan tashi da walwala, ta riƙa zagwanyewa yayin da rana ke tafiya, ta sake ɗagowa da dare. A ranakun hutu ma haka tsarin yake, sai dai yakan makara da wajen awa biyu saboda an yi barcin safe, abin da ke nuna ba wahalar aiki kaɗai ce sila ba, agogon jiki ne da barci. Wanda ya kwana yana juyi a zafin Afrilu na Sakkwato, ga sauro ga rashin wuta, ba sai an tambayi dalilin da ya sa ya wayi gari yana faɗa da kowa ba. Ga mata akwai ƙarin sauyin sinadaran jiki kafin al'ada, da bayan haihuwa, da lokacin ɗaukewar haila.

Abin mamaki shi ne duk da wannan sauye-sauye, mutum ba ya yarda zai sake canzawa. A 2013 Jordi Quoidbach da Daniel Gilbert da Timothy Wilson suka tambayi mutum fiye da 19,000, 'yan shekara 18 zuwa 68. Yaro da babba, kowa ya amsa cewa ya sauya ƙwarai a shekara goma da suka wuce, kuma kowa na ganin kaɗan zai sauya a goma masu zuwa. Da aka tambayi wasu nawa za su biya su kalli mawaƙin da suke so yanzu nan da shekara goma, sai suka ce dala 129 a matsakaici. Waɗanda aka tambaya nawa za su biya yau su kalli wanda suke so shekara goma baya, dala 80 suka ce. A nan asarar take. Ɗokin kansa ba ya cin kuɗi sosai. Abin da ke ci shi ne a sayar da fili ko a ajiye aiki a makon da ɗokin yake kan ganiyarsa, bisa zaton haka zai dawwama.

Akwai kuma inda maganar ta tashi daga hali ta koma ciwo. Idan ƙunci ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, mutum ya daina jin daɗin duk abin da ya saba so, ci da barci suka rikice, ko ya fara tunanin gara ya mutu, likitoci na kiran wannan ciwon damuwa. Wani kuma yakan yi mako guda ko fiye yana barcin awa biyu ba gajiya, ga surutu ba tsayawa, ga rabon kuɗi da manyan tsare-tsare, daga baya ya faɗa ƙunci mai nauyi. Mai jego da kuka da fargaba suka bi ta fiye da mako biyu ita ma tana cikin wannan sahu. A gidaje da yawa sunan da ake fara ba irin wannan shi ne iska ko sammu, a shekara ana yawon neman magani kafin a tuna da asibiti. Dukkansu suna da magani, kuma ana duba su a asibitin Dawanau a Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri.