Yadda A Ke Leƙa Cikin Batir Ba A Fasa Shi Ba

Batirin wayar hannu da na motar lantarki da wani ƙarfe mara nauyi su ke aiki, sunansa litiyam. In ana caji, litiyam ya kan shige cikin wani baƙin ma'adini ɗan'uwan gawayi, watau girafait, ya ɓuya. Amma in an gaggauta cajin, ko kuwa ana tsananin sanyi, sai ya kasa shiga, ya taru a waje, har ya tsiro kamar allurai. Allurar nan in ta huda shamakin da ke tsakiyar batir, gobara na iya tashi.

A da sai an fasa batir a ke ganin wannan. To, cikin 1946 Felix Bloch da Edward Purcell a Amurka suka gano cewa in an sa abu cikin maganaɗisu mai ƙarfi, aka aika masa igiyar rediyo, cibiyar ƙwayoyin zarrarsa ta kan amsa. Dabarar nan ita a ke kira NMR. Da ita Shaihiyar Malama Clare Grey da abokan aikinta suka saurari batir yana cikin aiki, suka bayyana a 2010. Muryar litiyam ɗin da ya ɓuya dabam, ta wanda ya taru a waje dabam, tana kuwa ƙara ƙarfi gwargwadon yadda allurai ke tsirowa.