Jajimaji: Ajin da malami ke jurewa, ɗalibi ke jigata

A Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa da ke tsakanin Nguru da Gashua, zafin bazara kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Malami da ɗalibansa na zaune ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, sai dai ba zafi ɗaya jikinsu ke ɗauka ba.

Dalilin yana cikin girman jiki. Baligi mai nauyin kilo 70 yana da fatar da faɗinta ya kai kimanin murabba'in mita 1.8, yaro mai kilo 20 kuwa kimanin 0.8. Idan aka raba faɗin da nauyin, kowane kilo na jikin yaron yana da fata kusan ninki ɗaya da rabi na baligin. Ta fata zafi ke fita, ta nan kuma yake shiga. Muddin iskar ɗaki ta fi fata zafi, wato ta zarce kimanin digiri 35, jikin yaro zai riƙa kwasar zafin da sauri, ga shi guminsa bai kai na babba ba. Da hunturu lissafin kan juye: yaron da ke zaune a daɓen siminti da sanyin safiya shi ke fara rawar ɗari, musamman ramamme, wanda tamowa ta cinye kitsen da zai kare shi.

Ma'aunin jin daɗin ɗaki da injiniyoyi suka fi dogara da shi, wanda Ole Fanger na ƙasar Denmak ya wallafa a 1970, a kan manya aka gwada shi. Binciken da aka yi daga baya a makarantun firamaren Ingila ya nuna yara sun fi son aji ya yi sanyi fiye da abin da ma'aunin ya hango. A Ingila ke nan fa, balle arewacin Yobe.

Wannan ya shafi duk jami'in da ke duba takardun kwangilar ajujuwa a Abuja, ko a UBEC ko a ofishin ɗan majalisa. Silin, tagogi masu fuskantar juna da benci su ne abubuwan da ake saurin zaftarewa idan kuɗi ya gaza, domin ana musu kallon ƙawa. Alhali silin ne ke tare hucin kwano, benci kuma ke raba yaro da sanyin daɓe. Mai duba aikin kan leƙa ajin na 'yan mintuna ya koma mota. Ɗan aji ɗaya kuwa a ciki zai zauna har azahar ta gabato.