Yadda Ƙamshi Ke Danne Wari A Ƙwaƙwalwa

A ofisoshi da ɗakunan kwanan ɗalibai, da zarar wari ya taso daga masai ko lambatu, abin da akan fara nema shi ne turare. Ba a jima sai a daina jin warin, kowa ya koma harkarsa. Alhali kuwa abin da ke warin yana nan daram.

Can cikin hancin ɗan Adam akwai kafofin karɓar ƙamshi da wari wajen iri 400. Masanan Amurka biyu, Linda Buck da Richard Axel, su ne suka gano asalin irin waɗannan kafofi a 1991, har aka ba su lambar Nobel a 2004. Idan ƙamshi da wari suka shiga tare, sai su yi rububin kafofin nan, ƙamshin ya tare waɗansu, watau saƙon warin ya tafi da rauni. Abin da ya isa ƙwaƙwalwa kuma ba ta tsince shi ɗaya-ɗaya, dunƙule shi take yi ta ɗauke shi abu guda. Ko gwanayen haɗa turare da wuya su rarrabe abin da ya wuce 3 ko 4 a gauraye.

Wani warin kuwa gargaɗi ne. Iskar gas ta girki kusan ba ta da wari. Da gangan ake zuba mata sinadari mai ɗoyi domin a ji idan tukunya tana yoyo. A ɗakin da turaren wuta ya cika, mai gida yana iya makara wajen jinsa, ga kuma garwashi a kasko.