Ka ƙara wa kwamfuta baret ta ƙi tashi? Ga abin dubawa

Mai sauraro, ko kai ne magatakardan kasuwar shanu a Turu kusa da Paraku, ko kana riƙe da lissafin shago a Jugu, wataƙila tsohuwar kwamfutar tebur ce a gabanka, irin 'yar gwanjon da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ta yi nauyi, aka ce ka ƙara mata RAM, wato ɗan siririn allon nan da masu gyara a Benin ke kira baret. Ka saya, ka sa, ka kunna: fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, wani lokaci ma sai kuka take, fit-fit-fit.

Da farko kwantar da hankalinka. Sunayen masu bashi, rasit na dabbobi da takardun rigakafi ba a cikin baret suke ba, suna cikin faifan ajiya. Baret wurin aiki ne kawai, da an kashe wuta ya zama fanko. Saboda haka duk wanda ya ce sai an goge kwamfutar kafin ta tashi, ka ce masa ya dakata.

Cire wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki. A lokacin hunturu wannan ba wasa ba ne. Ɗan tartsatsin da kake ji idan ka cire riga ya isa ya kashe baret.

Yawancin matsalar rashin zama ne. Sai ka danna shi da ƙarfi ta gefe biyu har maƙallan su rufe da kansu, ƙas. Ƙurar hanyar Malanbil kuwa ba ta barin kowa: goge haƙoran zinariyar nan da abin goge fensir, ka kaɗe ramin da busasshen buroshi. Ban da ruwa, ban da fetur.

Idan ya ƙi shiga, kada ka tilasta. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, tsawonsu ɗaya, amma tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. DDR4 kuma 288 ne. Na kwamfutar hannu gajere ne, ba ya shiga ta tebur sam.

Ga inda mutane suka fi asarar kuɗi. Baret ya shiga daidai, irinsa ne, amma shiru. Tsofaffin injuna na wajen 2009, kamar Dell OptiPlex 780, suna karɓar DDR3 amma sukan ƙi mai giga 4 idan ƙwayoyinsa takwas ne a fuska ɗaya. Sun fi son mai ƙwaya 16, takwas gaba takwas baya. Duba takardar jikinsa, ka nemi 2Rx8. Akwai kuma baret na manyan injunan kamfani da ke yawo cikin kayan gwanjo, ga araha ga yawan giga. Idan ka ga harafin R bayan lambar gudunsa, kamar 10600R, ajiye shi. Na tebur U ne. Ni dai a ganina, ciro tsohon baret ɗinka ka tafi da shi kasuwar Arzeke a gwada a idonka ya fi dogon bayani ta waya, kuma ku yi magana kan canji kafin ka miƙa ko sefa ɗaya.

Gwaji kuwa ɗaya-ɗaya ake yi. Sa tsohon shi kaɗai. Ta tashi? To injin lafiya yake. Sa sabon shi kaɗai a ramin nan dai. In ya ƙi, shi ne mai laifi. In kowanne na tashi shi kaɗai amma sun ƙi zama tare, sauya musu rami, ko ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na minti biyar ka mayar. Bayan haka sai ka gyara kwanan wata da agogo.

Wata kuma takan tashi, amma ka sa giga 8 ta nuna uku da ɗan wani abu. Baret bai yi ƙarya ba. Windows ɗinka mai bit 32 ne, ba ya ganin abin da ya wuce haka. Sai an sa mai bit 64, kuma wannan aikin yana iya share faifai. Kwafe littafin bashi da na shanu a makullin USB tukuna, ka buɗe shi a wata kwamfutar ka tabbatar ya kwafu, sannan ka ba mai gyara izini.