Tabaran Saiti da Zaɓen Ƙarfinsa a Wasan Harbi

1.0 Gabatarwa

Harbi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Gobir. Kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗa hannun masu jihadi a shekarar 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau, kuma duk wanda ya karanta tarihin yaƙe-yaƙen wancan zamani ya san matsayin 'yan baka. A gwabzawar Tabkin Kwatto ta 1804, dawaki da lifidi suna wajen rundunar Sarkin Gobir Yunfa ne, amma kibau na jama'ar Shehu su suka raba gardama. Saboda haka ba abin mamaki ba ne harshen wannan yanki ya wadata da kalmomin harbi, irin su baka da tsirkiya da kwari da dafi da ɗana kibiya da kai bara. A bakin Bagobiri na Sabon Birni ko Isa, halbi da mahalbi da hwarauta ake ji, ba harbi da maharbi da farauta na daidaitacciyar Hausa ba. Da bindiga ta shigo, ta zo da sunanta daga Larabci, haka ma albarushi da harsashi. Daga baya Ingilishi ya ba da saiti. Ita kuwa kunama, wadda yatsa ke ja, Bahaushe ne ya raɗa mata suna daga abin da ya sani a jeji.

Wannan babi zai duba wani kayan aiki da har yanzu bai sami tsayayyen suna a Hausa ba, wato madubin hangen nesa da ake ɗaurawa a bayan bindiga. A nan za a kira shi tabaran saiti. Manufa ita ce ɗalibi mai koyon aikin malanta ya ga yadda ake bayyana al'amari na kimiyya da Hausa tsantsa, ya kuma fahimci wani kuskure da masu koyon wasan harbi suka cika yi, na ɗauka cewa tabarau mafi ƙarfi shi ne mafi kyau.

2.0 Yadda Maharbi ya Magance Nisa

Maharbin gargajiya ya san iyakar makaminsa. Kibiya ba ta zuwa nesa ainun, bindigar toka kuma, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ba ta da tabbas idan tazara ta yi yawa. Dabarar da ya fito da ita ita ce sanɗa. Yakan bi ta inda iska ba za ta kai warinsa ga dabba ba, ya ja ciki, ya laɓe, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshinsa yana rausaya shi kamar tsuntsun na kiwo, har ya iso inda ya tabbata ba zai kuskure ba. Wato shi da jikinsa yake cinye nisan.

Tabarau ba haka yake aiki ba. Hoton abu kawai yake jawowa kusa da ido, amma tazarar da harsashi zai keta tana nan yadda take, da iskar da za ta kaɗa shi, da nauyin da zai ja shi ƙasa. Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba, kuma a kan wannan bambanci ne sauran bayanin ya dogara.

3.0 Tabarau da Lambobinsa

A ƙasar Holan aka fara fito da madubin hangen nesa a 1608. Wajen 1640 wani Baturen Ingila mai nazarin taurari, William Gascoigne, ya lura da zaren gizo-gizo da ya gitta cikin madubinsa, ya ga zaren ya fito raɗau tare da abin da yake kallo. Daga nan aka sami dabarar sanya siraran layuka biyu masu gittawa a cikin madubi don nuna tsakiya. Za a iya kiransu gicciyen saiti. Sai a ƙarni na 19 aka fara ɗaura irin wannan madubi a kan bindiga sosai, har aka yi amfani da shi a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865.

A jikin kowane tabarau akwai lambobi. Idan an rubuta 4x32, ma'ana yana kusanto da abu ninki 4, kuma faɗin gilashinsa na gaba milimita 32 ne. Allon da ke nisan mita 100 zai bayyana kamar yana mita 25. Idan kuwa an rubuta 3-9x40, to, ana iya murza shi daga ninki 3 zuwa ninki 9, gilashin gaba kuma milimita 40. Na farko ƙarfinsa tsayayye ne, na biyu mai sauyawa. Lamba ta farko ita ce ke ruɗar mai saye, domin ita mai sayarwa ya fi ɗaga murya a kai.

4.0 Abin da Ƙarin Ninki ke Ci

Babu ninkin da ake samu kyauta. Abu na farko da ake biya da shi shi ne faɗin fili. Tabarau mai 3-9x40, idan yana kan ninki 3, yakan nuna fili mai faɗin kusan mita 12 a nisan mita 100. Idan aka kai shi ninki 9, filin ya tsuke zuwa kusan mita 4. A filin gasa, inda alluna ke jere kuma duk kamarsu ɗaya, wannan tsukewa ce kan sa mai koyo ya harbi allon maƙwabcinsa, ya yi asarar maki.

Na biyu shi ne haske. Akwai lissafi mai sauƙi da ɗan aji shida zai iya yi, wato a raba faɗin gilashin gaba da yawan ninki. Abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke isa ga ido. Gilashi mai milimita 40 a ninki 5 yana ba da ɗigo mai milimita 8, amma a ninki 20 milimita 2 kacal. Ƙwayar idon ɗan Adam takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3 da rana tsaka, ta buɗe har kusan 7 cikin duhu ga matashi, kuma buɗewar na raguwa da shekaru. Ke nan da hantsi ƙaramin ɗigo zai wadatar, amma da almuru, ko ranar da hazon hunturu ya rufe gari, hoton zai dushe. Bugu da ƙari, idan ɗigon ya ƙanƙance, da zarar kai ya goce kaɗan sai hoton ya yi baƙi gaba ɗaya.

Na uku, kuma wanda ya fi cutar mai koyo, shi ne rawar hannu. Kowane ɗalibi da ya taɓa jawo hoto da kyamarar wayar salula ya ga yadda hoton ke tsalle idan an kai ƙarshen jawowa. Haƙiƙa ninki ba ya ƙara wa hannu rawa. Rawar da ke nan tun farko yake tona wa asiri. Sai dai tonon yana da illa. Mai harbi a tsaye da ya ga gicciyensa na yawo a kan allo, har bugun zuciyarsa na motsa shi, yakan firgita ya yi ƙoƙarin cafke daidai lokacin da gicciyen ya ratsa tsakiya, sai ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Fizgar nan ita ke kai harsashi waje. Girman al'amarin zai fito idan aka san cewa gocewar kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya tana zama kusan santimita 3 a mita 100, ta zama kusan santimita 29 a mita 1,000. Da ƙaramin ninki, rawar ba ta cika bayyana ba, hankali ya kwanta, yatsa ya yi aikinsa cikin natsuwa.

Na huɗu mutanen Gobir sun san shi tun kafin su ga tabarau, domin suna da sunansa: kawalwalniya. A bazara, idan rana ta take a fakon da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, iska mai zafi na tashi daga ƙasa tana karkatar da haske, har abin da ke nesa ya riƙa rawa kamar yana cikin ruwa. Tabarau yana ninka wannan rawa kamar yadda yake ninka allo. A ninki 40 baƙin ɗigon tsakiya zai narke yana iyo, alhali a ninki 15 ana iya ganinsa a tsaye. Shi ya sa ƙwararru kan rage ninki da rana ta yi zafi. Abin sha'awa kuma, sukan karanta inda kawalwalniyar ta karkata don su gane inda iska ta dosa, kamar yadda maharbi ke watsa ƙura sama kafin ya fara sanɗa.

Akwai kuma matsalar saɓanin gani. Idan hoton allo da gicciye ba su faɗa wuri ɗaya a cikin tabarau ba, duk lokacin da aka motsa kai sai gicciyen ya sauya wuri a kan allo, ko da bindiga ba ta motsa ba. A ƙaramin ninki kuskuren ba ya da yawa, amma daga kusan ninki 10 zuwa sama ana bukatar tabarau mai maɓallin daidaita nisa.

5.0 To, Wanne za a Zaɓa?

Amsar tana zuwa ne bayan tambayoyi uku: nisa nawa, a tsaye ko a jingine, kuma a wane irin haske. Mai harbi a tsaye a gajeriyar tazara ninki 4 zuwa 6 ya ishe shi. Wanda ya ɗora bindiga a kan benci ko buhun yashi yana harbin takarda a mita 50 ko 100 zai iya hawa zuwa 12 ko 24, saboda majingini ya ɗauke masa rawar hannu, kuma yana son ganin hujin da ya yi ba tare da ya tashi ba. Manyan ninki na 30 zuwa sama na masu dogon zango ne da ke kwance, bindigarsu a kan ƙafa. Idan kuɗi ba su kai ba, gara ƙaramin ninki mai gilashi garau da babban ninki mai hazo, domin ninka hoto maras kyau ba ya gyara shi. Haka nan maɗaurin da ke riƙe tabarau a jikin bindiga bai kamata a raina shi ba. In ya yi sako-sako, tsadar gilashi ba ta da amfani. Dole kuma a sami tazarar kusan santimita 8 zuwa 10 tsakanin ido da tabarau, don kada bindiga ta ja da baya ta fasa wa mai ita gira.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa gwaninta ba a gilashi take ba tana wasannin Olamfik, inda harbi yake tun gasar farko ta 1896 a ƙasar Girka. A gasar bindigar iska ta mita 10, ɗigon da ke ba da maki 10 faɗinsa rabin milimita ne, kuma dokar hukumar ISSF ba ta yarda da tabarau mai ninki ba. Haka abin yake a gasar mita 50. A ɗaya ɓangaren kuma akwai rukunin F-Class, wanda ya samo asali a Kanada daga wani dattijo, George Farquharson, da ya nemi a bar masu shekaru irinsa su yi amfani da tabarau da majingini don su ci gaba da wasan bayan ido da hannu sun raunana. A can ana harbi har nisan yadi 1,000. Tabarau, ashe, taimako ne ga ido, ba madadin horo ba.

6.0 Doka da Aji

A Nijeriya mallakar bindiga ba sha'awar mutum ba ce kawai. Dokar makamai ta 1959 ta kasa su gida uku: akwai haramtattu waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu, sannan bindigogin ɗuri ta baki irin na maharba, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wasan harbi da aka yi bayaninsa a sama ana yin sa ne a keɓaɓɓen fili, ƙarƙashin mai kula, a kan takarda.

Malamin da aka tura Isa ko Sabon Birni ya kamata ya san nauyin wannan batu a zukatan ɗalibansa. Kalmar 'yan bindiga a da tana nufin bayin sarki da fadawan da ke buga bindigar toka a hawan salla. A yau, a wannan yanki, ta koma sunan waɗanda suka ƙone matafiya a mota a Disamban 2021, suka kuma sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda ya rasu a hannunsu a Agustan 2024. Wannan misali ne na sauyin ma'ana da ba a bukatar neman wani a littafi, amma a cikin ajin akwai yiwuwar samun marayun da sauyin ya shafa. Don haka darasin ba ya bukatar bindiga, ko hotonta ma. Madubin hangen nesa na hannu, ko kyamarar waya, ya isa. A rubuta haruffa a kwali, a kafa shi a ƙarshen filin makaranta, ɗalibai su leƙa da sassafe, su sake leƙawa da azahar. Su gwada a tsaye, su gwada da gwiwar hannu a kan tebur. Daga nan kowa ya rubuta sakin layi biyu a kan abin da ya gani, da sharaɗin kada ya sa kalmar Ingilishi ko ɗaya, sannan aji ya tattauna sunayen da ɗalibai suka raɗa wa ninki da gicciye, a ga ko akwai wanda ya fi na wannan babi dacewa.