Guzurin Marka

Duk wanda ya ga daminar 2022 a Jigawa ba ya buƙatar a gaya masa aikin ruwa. Ringim, Miga, Jahun, Kafin Hausa: gonaki sun nutse, gidajen laka sun zube, iyalai sun koma kwana a makarantun firamare. A watan Agusta na 2024 abin ya sake maimaituwa, har ya taɓa Buji da Gwaram da Dutse kanta. Hukumar SEMA da ta NEMA suna kai ɗauki, amma motar agaji sai da hanya take tafiya, hanya kuwa ita ruwa ke fara cinyewa. Kwanaki ukun farko, kowane gida da abin da ya tanada yake rayuwa.

A nan ne magidanta da yawa ke kuskure. Mutum ya auno buhun gero da na masara a kasuwar Shuwarin, ya jingine a lungu, ya ce ya gama. To, a ce an yi kwana biyu ana marka. Itace ya jiƙe sharkaf, murhu ya zama kududdufi, iska ta kayar da turakun lantarki, mai injin niƙa ya rufe. Uwargida na tsugune tana fifita ɗanyen itace, hayaƙi ya cika mata ido, yara na kuka, ga hatsi jibge a ɗaki. Gero ba ya ciyuwa tsaba.

Saboda haka a fara da abin da ba ya neman wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, sukari, da dabino, wanda Allah Ya hore wa Dutse. Waɗannan ba sa saurin lalacewa idan an ƙulle su a leda biyu an sa a bokiti mai murfi. A niƙo garin tuwo na mako guda tun sama na garau, a shanya shi ya bushe sosai. A ware ɗan gawayi a buhu, ashana kuma a cikin kwalba. Buhunan hatsi a ɗora su kan katako ko bulo, nesa da bango, domin bangon laka yana tsotsar danshi tun kafin ya nuna alamar faɗuwa.

Ruwan sha ya fi duk wannan. Abin mamaki, ranar da ruwa ya cika gari ranar ake rasa na sha, don ambaliya tana haɗe rijiya da masai, daga nan sai amai da gudawa. A cika jarkoki masu murfi, a riƙa sauya ruwan. A kuma haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Sauran ƙananan kaya ne: tocila, rediyo mai batir don jin hasashen yanayi na hukumar NiMet, gidan sauro, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, da takardun gida a cikin leda.

Na san tsakiyar damina lokacin ƙarewar rumbu ne, aljihu ma ba nauyi. Ba a ce a sayo komai rana ɗaya ba. Maigida, daga watan Mayu, duk ranar kasuwa ka ƙara kwano ɗaya a bokitin nan, kuma a gaya wa yara ba na taɓawa ba ne.