Samuel Medley: Sojan Ruwan Da Ya Zama Faston Ma'aikatan Jirgi

Da daren 17 ga Agustan 1759 labari ya iso Jibralta cewa jiragen yaƙin Faransa sun sulale ta mashigin cikin duhu, sun nufi tekun Atlantika. Manyan jirage 12 ne suka taso daga Toulon ƙarƙashin Admiral de la Clue. Admiral Edward Boscawen na Birtaniya, da ke Jibralta, bai tsaya wata-wata ba. Ko da yake jiragensa suna tsakiyar gyara, cikin 'yan sa'o'i suka ɗaga anka suka bi sawu.

Washegari aka yi arangama kusa da garin Lagos na kudancin Fotugal, wanda ba shi ne Legas ta Najeriya ba. Kafin ƙura ta lafa ranar 19 ga wata, Faransa ta yi asarar jirage biyar: uku an kama, biyu an ƙone.

Matasa biyu da ke cikin wannan hayaƙi a ɓangaren Birtaniya sun bar suna a tarihi. A jirgin Namur akwai yaro bawa ɗan kimanin shekara 14 yana jigilar albarushi zuwa bakin igwa. Shi ne Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, kuma littafin tarihin rayuwarsa na 1789 ya zama makami a yaƙi da cinikin bayi. A jirgin Intrepid kuwa akwai ƙaramin hafsa ɗan shekara 21 mai suna Samuel Medley, wanda aka ɗauke shi ranga-ranga da mummunan rauni a ƙafa.

An haifi Medley ranar 23 ga Yunin 1738 a Cheshunt, arewa da Landan. Mahaifinsa malamin makaranta ne, amma kakansa na wajen uwa, William Tonge, shi ya ɗauki nauyin karatunsa a Enfield. Yana ɗan shekara 14 aka danƙa shi ga wani ɗan kasuwar mai a Landan don ya koyi sana'a. Zaman shago bai karɓe shi ba. A 1755, da gangar yaƙi ta fara kaɗawa tsakanin Birtaniya da Faransa, sai ya shiga sojan ruwa, ya fara da jirgin Buckingham kafin a mayar da shi Intrepid. Tarihin da iyalinsa suka rubuta bai ɓoye halinsa na lokacin ba: saurayi mai barkwanci da kaifin baki, wanda ya yi watsi da tarbiyyar gida ya rungumi sharholiyar 'yan jirgi.

A wancan zamani, rauni a jirgin yaƙi ƙanen mutuwa ne. Babu maganin sa barci, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan ciwo ya fara ruɓa, abin da likitan fiɗa ke da shi wuƙa ce da zarto. Haka likitan Intrepid ya shaida wa Medley cewa in ba a ga sauƙi zuwa safiya ba, sai an yanke ƙafar. Saurayin da ya manta da addu'a ya kwana yana roƙon Allah. Da gari ya waye aka kwance ciwon, aka tarar ya fara kyau, ƙafa ta tsira.

Sai dai tsoro na wucewa, ya koma halinsa. Juyin ya zo ne daga baya, a gidan kakansa inda aka kai shi jinya. Wata Lahadi da yamma tsohon ya zaunar da shi, ba da son ransa ba, ya karanta masa wa'azin Isaac Watts a kan Ishaya sura 42, ayoyin da ke maganar buɗe idanun makafi da fito da ɗaurarru daga kurkuku. Medley ya ji kamar da shi ake. Da ya samu ƙafa sai ya riƙa zuwa sauraron George Whitefield, babban mai wa'azin zamanin, kuma a Disambar 1760 ya shiga majami'ar Baftis ta Eagle Street a Landan. Fastonta, Andrew Gifford, masani ne da ke aiki a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya.

Wannan zaɓi yana da tsada. Dokokin Ingila na lokacin sun hana duk wanda ba ya bin cocin gwamnati, wato Angilikan, riƙe muƙamin hukuma ko na hafsan soja, kuma ba shi da damar samun digiri a Oxford ko Cambridge. Medley ya rufe wa kansa ƙofar ƙarin girma a rundunar ruwa. Ya buɗe makaranta a Landan, ya yi aure a 1762, ya fara wa'azi a 1766, shekara guda bayan haka aka kira shi ya riƙe wata ƙaramar majami'a a Watford. A 1772 ya koma Liverpool, ya karɓi majami'ar titin Byrom, inda ya shekara 27.

Liverpool ɗin da ya tarar gari ne mai mutane kimanin 34,000, kuma arzikinsa a ruwa yake. A farkon shekarun 1770 wajen jirage 100 ke tashi daga tasharsa kowace shekara zuwa gaɓar Afirka, da yawansu zuwa Bonny da Kalaba, su loda mutane su tsallaka da su yankin Amurka. Kafin a haramta wannan ciniki a 1807, jiragen Liverpool sun kwashi 'yan Afirka sama da miliyan 1. Wannan shi ne babban zaluncin garin. A ƙarƙashinsa akwai wani kuma, na yadda ake cin gumin ma'aikatan jirgin kansu. Masu gidajen giya kan ɗaure su da bashi har sai sun sa hannu a tafiyar da ba sa so. 'Yan kamen dole na rundunar ruwa kan farauce su a titi. Thomas Clarkson, da ya zo garin a 1787 yana tattara shaida a kan cinikin bayi, ya bi rajistar jirage ya nuna cewa wajen ɗaya cikin biyar na ma'aikatan irin waɗannan jirage ba sa dawowa da rai.

Shekara uku da zuwan Medley, tura ta kai bango. A Agustan 1775 aka zabtare albashin ma'aikatan wani jirgi daga sule 30 zuwa 20 a wata. Dubban 'yan jirgi suka fito, suka jawo igwa daga tasha suka harbi ginin majalisar gari, sai da aka kirawo sojojin doki daga Manchester.

Irin waɗannan mutane ne Medley ya nema. Masu kuɗin gari suna ganinsu a matsayin mashaya marasa kunya, amma shi ya kwana inda suke kwana, ya ci busasshen biskit da naman gishirin da suke ci, ya san ƙarar igwa da warin ɗakin fiɗa. Idan ya hau mumbari ba ya buƙatar tafinta tsakaninsa da su. Maganarsa a sarari take, da raha, da misalan teku da kowane ɗan jirgi zai gane. Jama'a suka yi ta tururuwa har aka faɗaɗa ginin a 1773, sannan a 1789 aka gina sabuwar majami'a babba a titin. Kowace shekara kuma yakan je Landan ya yi wa'azi a majami'un da Whitefield ya kafa.

Wani abin da ya riƙe masu sauraronsa shi ne waƙa. Yakan tsara waƙar yabo a kan nassin da ya yi wa'azi a kai, a buga ta a takarda guda a raba. Da yawa daga cikin waƙoƙinsa suna maimaita layi ɗaya a ƙarshen kowane baiti, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗi, don haka ko wanda bai iya karatu ba zai fita da ita a bakinsa, ya tafi da ita teku. Tarin da aka buga a 1800 ya ƙunshi waƙoƙi sama da 200. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wadda ya gina a kan kalaman Ayuba a sura 19 game da Mai Fansa rayayye. Ta tsallake iyakar ɗarikarsa: 'yan ɗarikar Lutheran suna rera ta a bikin Ista, kuma ta shiga littafin waƙoƙin 'yan ɗarikar Mormon na farko a 1835.

Ya rasu ranar 17 ga Yulin 1799 yana da shekara 61, bayan doguwar jinya. Waɗanda suka zauna a gefen gadonsa sun ruwaito cewa har a ƙarshe da harshen teku ya yi magana, ya kwatanta kansa da jirgin da guguwa ta ragargaza yana dab da shiga tasha.

Ɗansa, shi ma Samuel Medley, ya zama mai zane, kuma shi ya fitar da tarihin mahaifinsa a 1800. A 1826 yana cikin waɗanda suka kafa jami'ar Landan, wadda yau ake kira University College London, jami'a ta farko a Ingila da ta karɓi ɗalibai ba tare da tambayar cocin da suke bi ba. Shekara biyu bayan haka majalisar dokoki ta soke dokokin da suka hana 'yan Baftis da ire-irensu riƙe muƙaman gwamnati.